Babur Ɗin da Bai Taɓa Goya Ni a Kai Ba

Anti mai ba da shawara, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan, domin a lokacin ne wanda zai sayi babur ɗin mijina ya ce zai zo ya ɗauka, ni kuma na rasa ko in hana ko in zuba ido. Ki yi haƙuri in kin ga maganar tana yawo. Da hannu ɗaya nake danna wayar nan, na hagun ya daina jin maganata, kuma dama can ni ba mai taƙaita zance ba ce.

Mijina mai gyaran janareta ne. Yanzu ya rage aiki, ƙaninsa ke riƙe da shagon. Injiniya nake ce masa, da tsokana na fara tun muna da ƙuruciya, har sunan ya bi shi, 'ya'yanmu ma haka suke kiransa idan ba ya kusa. Mutum ne da yake ji da inji fiye da yadda wasu ke ji da jikinsu. Zai tsaya a bakin titi ya karkata kai, ya gaya miki cewa injin gidan can da ke aiki ba zai kai wata ba, kuma sai ki ga hakan ta faru. Ba mu taɓa yin mota ba. Duk zaman aurenmu a kan ƙaramin babur muka yi shi, ni a baya, yaro a tsakani, kwandon cefane a cinyata. Kujerar ta yage ya ɗaure ta da roba, ta sake yagewa ya sake ɗaurewa. Ciwon bayan da nake fama da shi ma, kullum ce masa nake wannan kujerar ce ta bar min gado.

A bangon shagonsa akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton babban babur, irin mai faffaɗan tayoyi, kujera ƙasa-ƙasa, hannuwa dogaye kamar mutum zai zauna a kujerar falo. Shekarar kalandar ta wuce da daɗewa, hayaƙi ya dafa hoton, amma bai taɓa yarda a cire ta ba. Da autarmu ta gama karatu ta kama aiki, yaran suka taru suka ce masa ya isa haka, ya sayi abinsa ya huta. Sai da ya yi ta jan ƙafa, ni na tura shi. Na ce masa in bai saya ba ni zan saya in koyi tuƙi in bar shi a gida.

Ranar da aka kawo shi layinmu ya cika. Baƙi ne wuluk, salansa biyu suna ƙyalli, tankin kamar a duba fuska a jiki. Idan aka tayar da shi ba ya ihu irin na ƙananan nan, gurnani yake yi a hankali, sai kin ji shi a ƙirjinki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne majinginar baya. Ba da ita ya zo ba, Injiniya ne ya sa aka ƙara, mai laushi, saboda bayana. Bai gaya min ba sai gani na yi. Ya kuma sayo min hular kwano tawa ta kaina, ja, wai don ya riƙa hango ni a madubi.

Na shiga ɗaki na canza kaya, na fito na ce mu tafi. Sai ya ce a'a. Shi a iliminsa sabon inji ba a ɗora masa nauyi, sai an bi shi a hankali ya saki jiki, an kai shi sabis na farko an juye baƙin mai, sannan a yi goyo. Na tambaye shi ko ni ce nauyin. Ya dube ni sama da ƙasa, domin ni ba siririya ba ce, ya ce nauyi ne mai daraja amma dai nauyi ne. Muka yi dariya, maƙwabta suka yi dariya, na koma na cire kayana.

Daga nan kullum da safe sai ya fita shi kaɗai, yana tafiya a hankali har masu keke suna wuce shi, idonsa a kan mita. Ya dawo ya goge ƙura, ya gaya min saura kaɗan. Na sake roƙonsa ranar da zan je gidan ƙanwata, ya ɗauko tsohon ya kai ni. Na roƙa ranar da zan je kasuwa, nan ma tsohon. Har fushi na yi masa na gaske, na ce shi dai ya zauna da ƙarfensa. Bai ji haushi ba. Ya ce da zarar an yi sabis, ba kasuwa zai kai ni ba, hanyar bayan gari za mu bi, wadda muke bi da muna sabon aure, mu yi ta tafiya har sai na ce na gaji. Na yarda da shi, don bai taɓa yi min alkawari ya saɓa ba.

Wata rana da hantsi ina wanke kofuna, ɗaya ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, na kasa tashi. Maƙwabciyata ce ta ji ƙarar kwanuka ta leƙo, mijinta ya kai ni asibiti a motarsa. Injiniya yana can yana zagayensa na safe, wayarsa a aljihu, bai ji ba. Ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe da ruwa yana zuba a famfo. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo. A makon ne ya yi niyyar kai babur ɗin sabis.

Anti, ba zan ci amanar mutumin nan ba. Abin da ya yi min a asibiti da bayan mun dawo, ko uwata iyakar abin da za ta yi ke nan. Shi ke yi min wanka, shi ke juya ni, shi ke kai ni wurin masu gashin ƙashi. Ya koyi girki yana da furfura. Har ɗaurin ɗankwali ya koya, ko da yake idan ya ɗaura min sai in zama kamar wadda aka naɗe wa ciwo a ka. Bakina ya daɗe bai dawo ba, sai dai in yi nuni. Da ya fara dawowa, kalma ɗaya ko biyu nake iya fitarwa da ƙyar.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Wata safiya yana tura ni a keken marasa lafiya zuwa tsakar gida in sha rana, muka wuce ta gefen babur ɗin. Na kalli majinginar nan. Sai kawai na ji magana ta fito min cikakkiya, sarai, irin wadda ban yi ba tun da na faɗi. Na tambaye shi ko injin ya saki jiki yanzu, don ni dai na shirya. Jimlata ta farko ke nan a duniya bayan ciwo. Ya tsaya cak. Ban ga fuskarsa ba tunda yana bayana. Ya gyara min mayafi a ƙafa, ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba. Da yamma ya sayo tamfol ya rufe babur ɗin.

Na gaya wa 'yata wasa nake yi, kuma haka nake gaya wa kaina. Amma ke zan gaya miki gaskiya, ban sani ba. Rabin maganar tsokana ce irin wadda muka saba. Ɗaya rabin haushi ne. Ina jin haushinsa, Anti. Tafiya ɗaya na roƙa, ko zuwa bakin layi ne, ya hana ni saboda ƙarfe. Hular tana nan a kan kabad cikin ledarta, ko gwadawa ban yi ba.

Tun ranar bai sake hawa ba. Amma kin san mai inji, ba zai iya barin batir ya mutu ba. Saboda haka lokaci-lokaci, idan ya ɗauka barcin safe ya kwashe ni, sai ya yaye tamfol, ya tura babur ɗin da hannu har ƙarshen layi, can ya tayar da shi ya bar shi ya ɗan yi aiki, ya kashe, ya sake turowa gida. Duk don kada in ji ƙarar. Ta tagar ɗakina nake kallonsa. Abin nan nauyi gare shi ba na wasa ba, shi kuma ya haura sittin, ga shi ya rame. Ranar nan ƙafarsa ta zame a bakin kwata, babur ɗin ya kwanta, ya kusa danne shi. Ya yi ta kokawa shi kaɗai ya kasa ɗagawa, sai da mai shagon kusa da mu ya fito ya kama masa. Ina zaune ina gani, ba ni da ƙafar zuwa, ba ni da muryar kira. Da ya shigo ya ce min wai a banɗaki ya goge gwiwa. Kuma ƙarar da yake ɓoye min, ina jin ta sarai daga nan.

Makon jiya ya shigo da ruwan magani a hannu, ya gaya min ya yi magana da wani mai kemis, zai sayi babur ɗin. Ba don wata buƙata ba, yaran sun tsaya a kan lamarin asibiti, ba abin da muka nema muka rasa. Ya ce kawai ya cika tsakar gida, yana tare wa kekena hanya. Ƙarya ce, tsakar gidanmu mota ma za ta juya. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce bari ya duba tukunya. Duk sanda na ɗauko zancen sai ya tuna da tukunya.

'Yata ta ce in bar shi ya sayar, ko ya huta da ganin abin da ke cin ransa. Ɗana ya bugo waya ya ce in na bari aka sayar, babansu ya gama tsufa ke nan. Ni kuma zuciyata ta rabu. In iska ta ɗaga tamfol na hango majinginar nan, sai in ji da ma a ɗauke shi yau. Ina kuma tsoro, ba zan ɓoye ba, in ya koma hawa wani abu ya same shi a titi, wa zai juya ni? Amma idan na tuna kalandar nan, da shekarun da ya yi yana kallonta yana goge hannu da tsumma, sai in ji in aka fita da babur ɗin nan da bakina aka fitar da shi. Mutumin da muke wuni muna musu, yanzu ko na ce masa rana daga yamma take fitowa sai ya ce haka ne. Ina kewar mijina alhali yana zaune a gefen gadona.

Ki gaya min abin da zan yi. In hana shi, da wane baki? In bar shi, yaya zan zauna da kaina?

Taki, Matar Injiniya.

Amsa

'Yar'uwata, Allah ya ba ki lafiya, ya saka wa maigidanki da alheri. Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka, kuma na tsallake da ita gaban wasu saboda lokacin da kika ambata. Ga abin da nake gani.

Da farko ki sauke wa kanki rabin kayan da kika ɗauka. Haushin da kike ji ba laifi ba ne. Kin roƙi abu ƙarami, an ce ki jira, kika jira da zuciya ɗaya, ciwo ya riga ku. Duk wanda aka yi wa haka zai ji zafi. Maganar da kika yi a tsakar gida ta yi kaifi, ba zan ce miki ba ta yi ba, amma ta fito ne daga bakin mace da ta daɗe a kulle cikin jikinta ba ta iya cewa komai. Abin da ya fi taruwa shi ya fara fita.

Shi ma ki duba nasa ɓangaren. Mutumin da ya sa aka ƙara majingina saboda bayanki bai hana ki hawa don ya fi son ƙarfe ba. Ya yi abin da ya iya ne. Duk rayuwarsa ya ga yadda gaggawa ke kashe inji, ya saba cewa wanda ya bi abu a hankali zai daɗe yana morarsa, kuma ya ɗauka ke da shi kuna da lokaci. Kuskurensa ke nan, kuma kuskure ne da dukanmu muke yi kullum. Yanzu yana hukunta kansa. Bai iya mayar miki da hannunki ba, sai ya nemi abin da ya fi so ya raba kansa da shi. Ina zargin ma yana ɗora wa kansa rashin kasancewa a gida ranar da kika faɗi. Wannan sai ke za ki iya cire masa, ki gaya masa da bakinki cewa hawan jini ne ya kayar da ke, kuma da yana tsaye a gefenki ma da kofin ya faɗi.

Saboda haka ku yi magana kafin mai kemis ya zo. Ki zaɓi lokacin da babu komai a kan wuta, ki sa 'yarki ta karɓi girkin ranar, ki ce masa ya zauna. Kada ki ce masa wasa kike yi, zai gane ba duka ba ne, kuma ba zai sake yarda da sauran maganar ba. Ki gaya masa duka biyun kamar yadda kika gaya min, cewa kin ji haushi, kuma kina kewarsa. Ki gaya masa kina ganinsa ta taga, kin ga faɗuwar, kina jin ƙarar. Zai ji kunya, wataƙila ya yi kuka, ke ma ki yi. Ku bari a yi shi a gaban juna, tunda kowa ya gaji da yin nasa a ɓoye.

Sannan ki nemi abu ɗaya wanda zai iya amsawa, wato a ɗage cinikin. Kada ki ce kin hana, babur nasa ne, kuma 'yarki tana da gaskiya cewa wani lokaci rabuwa da abu sauƙi ne. Sai dai shawarar da aka yanke cikin jin laifi ba kasafai take yin daɗi daga baya ba. Ki ce ya ƙarasa abin da ya fara, ya kai shi sabis ɗin nan da kansa, sannan ya sake tunani. Ki kuma ba shi aike, domin irinsa ba zai fita don jin daɗin kansa ba, amma zai fita idan ke kika tura shi. Ki aike shi gidan ƙanwarki. Ki aike shi hanyar bayan garin nan ya dubo miki ko ta canza, ya dawo ya ba ki labari. Yaranku su tsara wanda zai riƙa zama da ke a waɗannan lokutan. Mai jinya shi ma yana buƙatar iska, kuma ramar da kika gani a jikinsa ta isa a kai shi a duba nasa jinin.

Tsoron da kike ji na titi gaskiya ne, kada ki ji nauyin faɗinsa. Ki sa masa sharaɗi: hular kwano kullum, da rana kawai, babu nisa sai jikinsa ya dawo. Mutumin da masu keke ke wucewa ba shi ne zai yi ganganci ba. Turin da yake yi da hannu shi ne ya kamata ya tsaya daga yau, don ya fi hawan haɗari a shekarunsa.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, amma na ji ta a ƙasan wasiƙar, ko za ki taɓa hawa. Ban sani ba, kuma ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Ki tambayi masu gashin ƙashi kai tsaye, ki bi abin da suka ce, kada soyayya ko nadama ta sa ku gwada abin da jikinki bai kai ba. Yana yiwuwa amsar ta zama a'a har abada. In haka ne, rashi ne na gaske, kuma kuna da damar yin baƙin cikinsa tare, ba kowa a ɗakinsa ba.

Idan kuma bayan duk wannan ya dube ki ya ce har yanzu yana so ya sayar, ki ƙyale shi, kada ki sake tayar da zancen. Ki roƙe shi alfarma ɗaya kawai. Kada a zo da mota a ɗauka. Ya fito da ke bakin ƙofa, ya hau da kansa, ya kai wa mai kemis ta hanya mafi nisa da ya sani, ke kuma ki kalle shi har ya sha kwana. Ya yi shekaru yana jiran babur ɗin nan, bai kamata a raba su yana tsaye a ƙasa ba.

Allah ya ƙara miki sauƙi, ya sanyaya zukatanku, ya bar ku tare.